Yadda Unguwa Za Ta Haɗa Kai Yaran Firamare Su Koma Zuwa Makaranta a Ƙafa

Duk makarantar firamaren da ake kai yara a mota ko a babur, bakin ƙofarta yana da wani lokaci da ba shi da kyan gani, wato 'yan mintocin nan kafin a kaɗa ƙararrawa. Wannan ya tsaya a tsakiyar titi ya wangale ƙofa, wancan yana ja da baya bai san abin da ke bayansa ba, mai babur ya kutso ta tsakani, ga yaro ɗan shekara shida da jakar da ta kusa rinjayarsa yana neman inda zai ratsa. Uwar da ta ga haka ba za ta yarda nata ya zo a ƙafa ba, gobe ita ma a mota za ta kawo shi. An ƙara mota ɗaya ke nan a wurin, an kuma ƙara wa wata uwar tsoro.

A Amurka, inda suka daɗe suna ƙidayar wannan abu, kusan kashi 48 cikin 100 na yara 'yan shekara 5 zuwa 14 ne ke zuwa makaranta a ƙafa ko a keke a 1969. Zuwa 2009 sun koma kashi 13. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa so take yaro ya riƙa samun motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. Yaron da gidansu ke da nisan kilomita ɗaya da makaranta, zuwa da dawowa kaɗai za su ba shi rabin wannan ko fiye, ba a gina fili ba, ba a sayi ƙwallo ba.

Sai dai kafin a fara buga fosta, a gane cewa ba yara ne ke bukatar lallashi ba. Tara yara biyar ka ce su tafi tare, ba sai ka roƙe su ba. Babba ne ke yanke yadda yaro zai je makaranta, kuma dalilansa ba na wasa ba ne: gudun motoci, tsoron ɓatagari, nisa, ga shi shi ma yana sauri ya kai wurin aiki. Ita dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mota ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29 a duniya, don haka uban da ya ƙi yana da hujjarsa. Taron unguwa na ranar tafiya makaranta a ƙafa yana yin amfani ne idan ya sa wannan uban ya taka hanyar da ƙafarsa, ya ga wanda zai riƙe masa ɗa, har ya rubuta sunansa cikin masu rakiya. In ba haka ba, an yi kiɗa an watse, kashegari motoci sun dawo.

Mataki na farko: ku ƙidaya, ku tambaya

A fara da aji. Bayan kiran suna, kowane malami ya tambayi yara: wa ya zo a ƙafa yau, wa ya zo a keke, wa aka kawo a mota ko a babur ko a motar makaranta? Su ɗaga hannu, ya rubuta. A yi haka kwana uku a jere a tsakiyar mako, domin ranar farko da ta ƙarshe ba sa nuna yadda aka saba. A tambayi komawa gida ma, don sau da yawa yaron da aka sauke a mota da safe a ƙafa yake komawa. Wannan adadi a adana shi. In babu shi, bayan wata shida sai dai kowa ya faɗi abin da yake zato.

Daga nan a samu taswirar unguwa, ko ta intanet ko wadda aka zana a babbar takarda, a sa ɗigo a inda kowane yaro yake zaune, ba tare da suna ba. Za ku ga ɗigon sun yi cincirindo a wasu layuka, to daga nan hanyoyinku za su fito. Waɗanda ke cikin kilomita ɗaya da su za a fara. Daga ɗaya zuwa biyu, 'yan manyan aji za su iya. Abin da ya wuce haka akwai dabararsa a gaba.

Iyaye kuma a ba su gajeriyar takarda: yaya yaro yake zuwa yanzu, me ya hana shi zuwa a ƙafa, wane wuri ne a hanya ya fi ba ku tsoro, za ku iya rakiya rana ɗaya a mako? Ta ukun nan ta fi sauran daraja. Idan aka ba iyaye fili ba sa tsayawa kan cewa hanya ba kyau, sai su ce mararrabar da ke gaban gidan mai, ko kwanar da manyan motoci ke shawowa. Wanda rubutu ke ba shi wuya a tambaye shi baki da baki a ƙofar makaranta.

A wata makarantar ƙidayar za ta nuna yawancin yara da ma a ƙafa suke zuwa, don babu wani zaɓi. Can abin nema shi ne a gyara musu hanyar, kuma duk matakan nan suna aiki. A Dar es Salaam ta Tanzaniya, ƙungiyar Amend ta bi makarantun da yaransu suka fi jin rauni a titi, ta sa tudun rage gudu da gefen tafiya da wuraren tsallakawa. Binciken da aka yi kan aikin ya nuna raunukan yara sun ragu da kashi 26 cikin 100.

Mataki na biyu: ɗan ƙaramin kwamiti

Mutum shida zuwa takwas sun isa. Shugaban makaranta dole ne, don ba amincewarsa ba abin da zai tafi, amma kada a ɗora masa jagoranci, kansa ya riga ya ɗau zafi. Jagora ya zama uwa ko uba mai ɗa a ƙaramin aji, wanda zai daɗe a makarantar. Sai malami ɗaya, iyaye daga layuka daban-daban, jami'in kula da zirga-zirga, da wani daga hukumar da tituna ke hannunta. Kada a manta da dattawan da suka bar aiki da masu sana'a a bakin hanya, su ne ke nan da safe bayan kowa ya watse. Kowane aiki a rubuta sunan mutum ɗaya a gabansa da ranar da zai kammala, domin aikin da aka ce kwamiti zai yi ba mai yin sa. Ku ba kanku mako shida zuwa takwas. Takardar neman izinin hukuma ce ke cin lokaci, a aika ta tun makon farko.

Mataki na uku: ku taka hanyar da kanku

Nan ne masu gaggawa suke yin sakaci, kuma nan ne aikin yake.

Ku fita daidai lokacin da yara za su fita, a ranar makaranta. Titin da yake shiru ƙarfe goma yakan zama wani abu dabam ƙarfe bakwai da rabi. Ku tafi da yara uku ko huɗu, har da ƙarami, da takarda da waya mai ɗaukar hoto. A kowane wurin tsallakawa, babba ya tsuguna har idonsa ya zo daidai da na yaron, ya duba hagu da dama. Sai a nan zai gane cewa motar da aka ajiye a kwana, wadda shi yake hango titi ta samanta, ta rufe wa yaro komai. Yaron bai ga mai zuwa ba, mai zuwa bai gan shi ba.

Ku lura ko akwai gefen masu tafiya a ƙasa, ko ya yanke a wani wuri ya tura mutum kan kwalta, ko an tare shi da kaya da motoci. Ku lura da magudanar da ba murfi, da ƙofar gareji ko gidan mai inda motoci ke fitowa ba sallama, da inda ruwa ke kwanciya bayan an yi ruwan sama, da kango ko lungun da ba jama'a. In akwai danja, a bar ƙaramin yaron ya tsallaka da takunsa, a ga ko za ta jira shi. In babu, a duba agogo a ga minti nawa ake yi kafin a samu sarari. Wurin da babba ya yi minti biyu yana jira, yaro zai ƙosa ya ruga. A tambayi yaran ma, don sun san abin da babba bai sani ba: gidan da kare ke biyo su, da kusurwar da manyan yara ke tare su.

Gudun mota shi ne abin da za a fi zuba wa ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin mutuwar wanda mota ta buge yana ninkawa sau huɗu da rabi tsakanin gudun kilomita 50 da 65 a awa. Shi ya sa taron ministoci kan kiyaye haɗura da aka yi a Stockholm a 2020 ya yi kira da a tsayar da gudu a kilomita 30 a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa. Titin da motoci ke sheƙa gudu, babu danja, babu gada, babu jami'in da zai tsayar da su, kada a tsallaka shi da yara komai kusancin hanyar. A zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin tsallakawa ko da za a ƙara minti biyar na zagaye. Inda babu gefen tafiya, a bi ɓangaren da ake fuskantar motoci masu zuwa, a jere ɗaya bayan ɗaya.

In kun dawo, ku raba abin da kuka gani uku. Akwai wanda za ku gyara da kanku cikin mako: sare reshen da ya rufe alama, kwashe tarkace, roƙon maƙwabci ya daina ajiye mota a kwana. Akwai wanda sai hukuma: tudun rage gudu, zanen tsallakawa, allon gargaɗi, murfin magudana. Akwai kuma wanda kauce masa kawai za a yi. Kada zumuɗi ya sa ku gina tudu ko ku yi wa titi fenti ba izini. Tudun da ba alama yana kayar da mai babur, zanen da direbobi ba sa mutuntawa kuma yana sa yaro ya saki jiki a inda bai kamata ba. Neman hukuma ta gyara hanyar makaranta ba roƙon alfarma ba ne. Birnin Odense na Denmak ya fara irin wannan aiki tun shekarun 1970, Amurka kuma ta ware masa dala miliyan 612 a dokar sufuri ta 2005.

Ƙarshe, a rubuta minti nawa kowace hanya ke ci, da takun ƙaramin yaro, ba na babba ba.

Mataki na huɗu: rana da irin taron

Idan kuna so ku jingina da wata rana da aka sani, watan Oktoba ne ƙasashe da dama ke yin bikin tafiya makaranta a ƙafa. Abin ya faro ne da makon da gundumar Hertfordshire ta Ingila ta gwada a 1994, birnin Chicago ya yi tasa ranar a 1997, ya zama na ƙasa da ƙasa a 2000. Amma yanayin inda kuke ya fi kalanda. Ku guji tsananin zafi da tsakiyar ruwa da makon jarrabawa, ku zaɓi tsakiyar mako.

Taron da ya fi sauƙi shi ne kowa ya haɗu a wurare biyu ko uku, a taho tare, a tarbi yara a ƙofa. Wanda ya fi shi tasiri, in hukuma ta yarda, shi ne a rufe titin gaban makaranta ga motoci na rabin awa zuwa awa ɗaya. Birnin Bolzano na Italiya ya fara haka a 1989, yanzu birane irin su Landan da Faris suna da titunan makaranta da yawa da ake rufewa. Iyaye su ga bakin ƙofar da suka saba gani a hargitse, yau yara na gudu a cikinta ba mai daka musu tsawa, wannan ya fi kowace lacca. Sai dai a sanar da mazauna layin tun da wuri, a bar hanya ga motar asibiti da mai lalura.

Na nesa kada a bar su a baya. A nemo fili mai nisan tafiyar minti biyar zuwa goma, a nemi izinin mai shi, iyaye su ajiye mota can su ƙarasa a ƙafa. Motar makaranta ma tana iya sauke yara a nan. Yaro mai keken guragu ko wanda tafiya ke ba shi wuya, a zauna da iyayensa tun farko a tambaye su abin da zai yi musu, ko da zangon ƙarshe ne kawai zai shiga. Taron da wasu yara ke kallo ta taga yana barin ciwo.

Mataki na biyar: ayarin rakiya

Wannan shi ne abin da ake so ya rage bayan biki, don haka a gina bikin a kansa. Tsarin ba wuya: hanya ɗaya sananniya, zango uku ko huɗu, kowane zango da lokacinsa, babba a gaba, babba a baya, yara a tsakiya. Ayari ya biyo, yaro ya shiga a zangon da ya fi kusa da gidansu. Ɗan Ostireliya David Engwicht ne ya bazo shawarar a 1992, wata makaranta a St Albans ta Ingila ta fara aiki da ita a 1998, garin Lecco na Italiya ya kafa nasa a 2003. A Japan kuwa tafiya rukuni-rukuni tsohon abu ne a makarantu da yawa, babban ɗalibi yana gaba, 'yan aji ɗaya da hulunansu masu ruwan ɗorawa a tsakiya.

Manya nawa? Hukumar kula da cututtuka ta Amurka ta ba da ma'auni mai kyau: babba ɗaya ga yara uku in 'yan shekara 4 zuwa 6 ne, babba ɗaya ga yara shida in sun ɗara haka. Ko yara huɗu ne kacal, kada manya su gaza biyu. Idan yaro ya faɗi ya fasa gwiwa, ɗaya zai tsaya da shi, ɗaya ya riƙe sauran. Haka nan babu babban da zai keɓe da ɗan wani, kuma wannan kariya ce ga yaron da mai rakiyar duka. Makaranta ta san kowane mai rakiya, ta bi duk ƙa'idar tantance masu hulɗa da yara da ƙasarku ta shimfiɗa. Ba zargi ba ne, kuma mutumin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi.

Kowane yaro iyayensa su sa hannu a takardar amincewa, da lambar waya biyu da duk wata lalura irin ta asma. Mai rakiya na gaba yana riƙe da rajista, yana yi wa yaro maki in ya shiga, a ƙofar makaranta ya sake ƙirgawa. Riga mai ƙyalli ga manya, usur, ɗan kayan agajin gaggawa, waya mai caji, shi ke nan kayan aikin.

Akwai dokoki biyu da za a faɗa tun ranar farko, tun ba a kai ga saɓani ba. Ta ɗaya, ayari ba ya jira. In an ce ƙarfe 7:20 a zango na biyu, to 7:20 ne, wanda ya makara iyayensa ke da alhakin kai shi. Da wuya a faɗa wa maƙwabciya wannan, amma a faɗa: "Maman yara, ki yi haƙuri, in muka jira naki yau, gobe sai mun jira na kowa, duk su makara." Ta biyu, mai rakiyar da ba zai samu zuwa ba ya sanar tun da dare, a kira na jiran ko-ta-kwana. In ba a samu madadi ba, a soke tafiyar ranar a sanar da iyaye a zauren WhatsApp ko ta kira. Gara a soke da a fita da babba ɗaya da yara goma sha biyu.

Ku fara da safe kawai. Dawowa ta fi wuya: yara sun gaji, lokacin tashi ya bambanta, ga tambayar wa zai karɓi yaro a gida. Sai safiya ta zauna sannan a taɓa yamma.

Mataki na shida: a koya wa yara tsallaka titi kafin ranar

Yaron da bai kai shekara goma ba bai iya auna gudun mota da nisanta yadda babba ke yi ba, shi ya sa likitocin yara ke cewa kada ya tsallaka titi mai motoci shi kaɗai. Faɗa a aji ba ya wadatarwa. A zana titi da alli a filin makaranta, wasu yara su zama motoci, a gwada. Sannan a fita bakin titi na gaske da yara biyar-biyar.

Abin da za su riƙe kaɗan ne. A tsaya cak a bakin titi. A duba ɓangaren da mota mafi kusa ke fitowa, a duba ɗayan, a sake duba na farkon, a kasa kunne. A tsallaka miƙe, da tafiya ba gudu ba, ido na ci gaba da dubawa. Ba a fitowa daga tsakanin motocin da aka ajiye ko daga bayan bas. Mota ta rage gudu ba shi ne direba ya gan ka ba, sai ta tsaya kun haɗa ido. In takalmi ya cire ko littafi ya faɗi a tsakiyar titi, ba a komawa, a faɗa wa babba. Wannan na ƙarshen a maimaita shi sosai, don yaro ya fi tsoron faɗan da za a yi masa a gida kan takalmi fiye da motar.

Mataki na bakwai: sanarwa

Takarda zuwa gida mako biyu kafin ranar, da taswira da lokutan zango, sai tunatarwa ana gobe. Yara su zana fosta da kansu, su ne kuma za su dami iyayensu fiye da kowace takarda. Kada sanarwar ta zama wa'azi ga masu mota. Wanda aka kunyata ba ya zuwa. Abin da ake roƙo ƙarami ne: "Baba, safiya ɗaya kawai, ka rako shi ka ga hanyar."

Mataki na takwas: ranar kanta

Masu rakiya su riga yara isa zango da minti goma sha biyar. A kowace mararraba mai wuya a tsayar da babba, in da hali jami'i, domin a wurare da yawa ba kowa doka ta ba ikon tsayar da motoci ba. Ayari in ya yi tsawo a tsallaka da shi kashi-kashi, kada wutsiyarsa ta rage a tsakiyar titi. Alluna, waƙa, tutoci, duk suna da kyau, amma hannun ƙananan yara ya zama a sake.

Manyan baƙi a gayyace su tafiya, ba jawabi ba. Jami'in da tituna ke hannunsa a sa shi a hanyar da ta fi muni, ya tsaya a mararrabar nan riƙe da hannun yaro yana jiran sarari. Abin da ya gani a minti ukun nan zai tuna da shi ranar da takardarku ta iso teburinsa.

A ƙofa a tarbi yara da tafi da sitika da ruwan sha. Jawabi kada ya wuce minti goma, darasi ya fara kan lokaci, in ba haka ba malamai ba za su so a sake ba. Mutum ɗaya ya ƙirga motocin da suka zo ƙofa, malamai su sake ƙidayar ɗaga hannu. Hoton yara sai da izinin iyaye, kuma kada a watsa taswirar zango da lokutanta a Facebook inda kowa zai gani.

Abin da ya fi komai muhimmanci a ranar tebur ne guda a bakin ƙofa, da takarda mai layi uku: suna, lambar waya, ranar da zan iya rakiya. A sa mutum mai fara'a da baki a wurin. Uban da ya iso yana gumi, ɗansa na jan hannunsa yana nuna masa abokansa, a wannan lokacin ne zai rubuta suna. Bayan kwana uku ba zai ɗaga waya ba.

Mataki na tara: mako mai zuwa

Kafin a watse a sanar da rana ta gaba, kuma ta zama cikin mako guda. Rana ɗaya tsayayya a kowane mako ta fi babban biki sau ɗaya a shekara. In ta kama, a ƙara ta biyu. Jadawalin rakiya a tsara shi yadda ba wanda zai wuce safiya ɗaya ko biyu a mako, domin mutum biyun nan masu himma da ke ɗauke komai su ne ke fara gajiya, in suka ajiye kuwa abin ya mutu.

Lada yana taimakawa in an iya shi. Ƙungiyar Living Streets ta Birtaniya tana ba yaro baje a ƙarshen wata idan ya zo a ƙafa aƙalla sau ɗaya kowane mako, kuma yara ne ke zana bajen a gasa. Sau ɗaya a mako abu ne da kusan kowa zai iya, na nesa ma da ya ƙarasa a ƙafa ana ƙirga shi. Ni na fi son lada na aji gaba ɗaya, kamar kofin da ke yawo daga aji zuwa aji, fiye da kyautar wanda ya fi kowa tafiya, don wannan kullum ɗan maƙwabcin makaranta ne zai cinye ta. Lokaci-lokaci a sabunta abin: ranar ƙirga itatuwan hanya, ranar rakiyar kakanni, ranar da aji zai haɗa kilomitocinsa a ga wane gari ya kai a taswira.

Cikin mako biyu a kai wa hukuma takarda mai shafi ɗaya: yara nawa suka taka, motoci nawa suka ragu a ƙofa, sai gyara uku da ake nema da hotunansu, an jera su bisa gaggawa. Buƙatu ashirin a takarda ɗaya ba mai karantawa. A sa mutum ɗaya ya riƙa bibiya duk wata.

A sake ƙidayar aji bayan wata uku, sannan a ƙarshen shekara. In adadin bai motsa ba a wani layi, a koma wurin iyayensa a tambaya, galibi za a tarar mararraba ɗaya ce ko lokacin zango bai dace da fitarsu aiki ba. In masu rakiya suka ragu, a rufe hanya ɗaya a ƙarfafa wadda ta rage. Sannan duk farkon shekarar karatu, ranar da iyayen sababbin ɗalibai suka zo rajista, a ba su taswirar da lokutan zango tare da sauran takardu, a kuma sake taka hanyoyin, don a cikin hutu wani ya buɗe gareji, wani ya haƙa rami.